Glenys Varga da Fensirin da Ba Ya Ƙarya

Kowace safiya, rana tana ɗagowa, za ka tarar da tsohuwar motar Glenys Varga a kan tudun da ke kallon teku, a wuri guda, hancinta na fuskantar ruwa. Tana zaune a ciki da filas ɗin shayi, da tabarau mai jawo nesa, da wani ɗan littafi da raɓar teku ta kumbura shi. Ba ta fitowa. Gaisuwarta kawai ta ɗaga yatsa ɗaya daga kan sitiyari. Mu kuwa muna can ƙasa muna hawan igiyar ruwa, in mutum ya faɗi ya yi wuf ya ɗago kai ya duba ko wani ya gani. An gani, malam. An gani, har an rubuta.

Ƙarfe takwas ta tayar da mota, ta biya ta sayi burodi, ta wuce rumfarta da ke bayan tsohon gidan ƙanƙara. Ɗakin aikin an shafe shi da shuɗin fenti, fitilun kuma a gefe suke daidai ƙugu, don inuwa ta riƙa nuna mata inda soson da take sassaƙawa ya yi tudu da inda ya yi kwari. Sai ta ɗora ƙaton farin soso mai tauri, wanda da shi ake yin allon hawan igiyar ruwa, a kan mariƙi, ta kunna injin fiƙa, ta yi ta zirga-zirga daga hanci zuwa wutsiya. Ƙarfe huɗu ta fito fari fat, kamar an mirgina ta cikin garin fulawa, a bayanta kuma ga allon da wani zai hau shekara goma yana yabon kansa.

Shekara arba'in da ɗaya ke nan tana wannan. Ƙarshen watan nan za ta rufe rumfar, domin kafaɗarta ta dama ta daina bin umarni. Mai haɗa takardar ƙungiyarmu ta masu hawan igiyar ruwa ya ce ni zan rubuta mata jinjina, wai ni kaɗai ne ba ni da aikin yi a makon nan. Ban musa ba. Na bar makaranta a aji goma, na taɓa aiki iri goma sha biyu, babu wanda ya riƙe ni har damina biyu. Abu ɗaya da ban taɓa gundura da shi ba shi ne ruwan nan, kuma duk allon da na taɓa hawa a kansa daga hannun matar nan ya fito.

Idan ka je wurin Glenys ka ce kana son allo, ba za ta tambaye ka irin wanda kake so ba. Tambayar farko ita ce nauyinka.

"Kilo nawa?"

"Saba'in da takwas."

"Hau."

Akwai wani tsohon sikelin auna kifi a bakin ƙofa, wanda ta ɗauko lokacin da aka rufe gidan ƙanƙara. Mutum ya hau, allura ta wuce tamanin da shida ta tsaya tana rawa.

"Takalmana ne suka ƙara."

"Ba ka sa takalmi ba, malam. Sauka."

Tambaya ta biyu, ina kake shiga? Wuraren hawa uku gare mu, kuma kowanne da halinsa. Akwai Kasala, can bakin kogi, inda igiya ke zuwa a hankali kamar an tashe ta daga barci, ba ta da ƙarfin tura ko kwali. Wannan allo mai faɗi take so, gajere, shimfiɗaɗɗen ciki, wutsiya a tsage kamar ta kifi, don ya yi ta zamewa ko da ruwan bai taimaka ba. Akwai Gwiwa, inda ƙasa ta lanƙwasa cikin teku, igiya ta miƙe doguwa tana bin duwatsu har gaban wurin wasan yara. Ita matsakaicin allo take so, mai zagayayyar wutsiya, wanda zai juya ba gardama. Sai Turmi, wadda aka sa wa sunan saboda abin da take yi wa mutane. Can igiya takan tashi tsaye lokaci guda a kan dutse, ta naɗe kamar bututu. Allon Turmi dogo ne siriri, wutsiya mai tsini don ta riƙe ruwa, hancinsa a ɗage don kada ya soke.

Kowa ya zo sai ya ce Turmi yake shiga. Sai Glenys ta buɗe ɗan littafin nan.

"Ga shi a nan, sau biyu ka shiga Turmi bana. Na farko ka zauna a gefe minti arba'in ka fito. Na biyu ka tsaya a kan dutse ka duba agogo ka koma mota. Na Kasala zan yi maka."

Ni ma ta taɓa yi min na Kasala ina da shekara goma sha shida, ta ja min kunne cewa kada in kusanci Turmi da shi. Mako biyu na yi ina jin maganar. Ranar da na shiga, hancin allon ya soke ruwa tun kafin in miƙe, na bi shi da fuska. Da na kai mata allon a karye, da haƙorina ɗaya a aljihu, sai da ta gama shafa wurin karayar da tafin hannu sannan ta dube ni.

"Shi dai zai gyaru," in ji ta.

Idan ta gama sassaƙa, kafin a lulluɓe allo da ƙyallen gilashi da ƙaro, takan ɗauki fensir ta rubuta lamba uku a kan siririn katakon da ya ratsa tsakiyarsa, ta wajen ciki: tsawo, faɗi, kauri. Ƙaro yana bushewa a kai, shi ke nan, ba mai gogewa. A wurinmu kuwa lamba ta uku ita ce mutuncin namiji. Siririn allo na gwani ne mai ƙarfin ƙirji. Mai kauri na tsoho ne, ko na mai tumbi, ko na baƙon da ya zo hutu. Ba wanda ya rubuta wannan doka, amma a wurin ajiye motoci kowa ya haddace ta.

Yanzu bari in zo kan Babana, Warwick Doolan, domin dalilinsa ne ya sa na karɓi rubutun nan.

Baba ya ci kofin ƙungiya shekara biyu kafin a haife ni, a kan wani allo da Glenys ta yi masa: ƙafa biyar da inci goma sha ɗaya, kaurin inci biyu da kwata. Lokacin nauyinsa kilo sittin da takwas. Daga baya aikin gini da mit-fai, wato gasasshiyar fulawa mai nama a ciki, na gidan burodi suka yi aikinsu, ya riƙa shiga ruwa jefi-jefi, har bara da zuciyarsa ta buga masa ƙofa aka sa masa ɗan bututu a jijiya. Bayan wata shida likita ya ce ya warke, amma dole ya koma motsa jiki, kuma ya zaɓi abin da yake so, don shi ne zai ɗore. Baba ya dawo gida yana fito, ya sauko da allon kofin daga rufin gareji.

Ina tare da shi a Gwiwa ranar. Da ya zauna a kan allon, ruwa ya kai masa hammata. Daga nesa sai ka ce kai ne kawai aka ajiye a teku. Igiya ta zo, ya yi ta tuƙi da hannu iya ƙarfinsa, ta wuce ta ƙarƙashinsa ko sallama. Awa biyu ana haka. Abin da ya fi ci masa rai shi ne Neville, tsohon ɗan sandan garinmu, abokinsa tun suna yara, mai kiransa Wokka, wanda ya girme shi da shekara uku ya kuma fi shi tumbi. Neville ya kama igiya ta kai goma sha biyu, duk wucewa sai ya ɗaga masa hannu.

"Wokka! Kifi kake jira?"

Sau uku Baba ya gwada. Daga nan ya yanke hukunci cewa allon ne ya sha ruwa saboda tsufa. Ya sa ni na raka shi wurin Glenys, ya ajiye shi a gabanta ya ce irinsa sak yake so.

"Hau sikeli."

"Ba na hawa sikelin kifi. Kin san ni shekara talatin."

"Na san wani yaro mai kilo sittin da takwas da na yi wa wannan allon. Ina yake? Ko ka cinye shi?"

"Glenys, ba wasa na zo ba."

"Ni ma. Inci uku kake buƙata, Warwick, ko kusa da haka."

Kamar ta zage shi ta uwa ta uba. Ya yi ja, ya ce shi ba katifa ya zo saye ba. Sannan ya kawo hujjar da yake ganin ba ta da amsa. Ya ce Neville ya fi shi nauyi, kuma da bakinsa Neville ya gaya masa allonsa inci biyu da rabi bai cika ba, ga shi yana kama igiya kamar yaro. Haka Stavros mai kifi da soyayyen dankali. In su suna iyawa a kan siririn allo, shi me zai sa a ba shi na tsofaffi?

Glenys ta yi shiru. Ta ɗauki samfefa ta juya ta ci gaba da gogar abin da ke gabanta. Ni a lokacin ban gane shirun ba. Baba kuwa ya fassara shi yadda ya fi masa ciwo. A mota bai kunna rediyo ba. Sai da muka kusa gida ya ce, "To ashe ba allo ba ne, Brodie. Ni ne. Injin ya ƙare."

Makon farko abin dariya ne. Ya jera wa Mama cokula bisa tsawo. Ya yanke ciyawar tsakar gida sau uku, har ta maƙwabci. Ya fara bin Mama kasuwa yana karanta mata bayan gwangwani. Mama ta kira ni gefe ta ce in mutumin nan bai koma ruwa ba, ɗayansu zai koma gidan 'yar'uwarta, kuma ba ita ba ce. Amma mako na uku ya daina ma cokulan. Ya ja kujera ya juya wa taga baya. In zai je asibiti sai ya bi hanyar bayan gari, wadda ta fi nisa da minti ashirin, don kada ya hangi teku. Tafiyar da likita ya ce ya riƙa yi ma ya bari. Mama ta daina zolayarsa, kuma a gidanmu in Mama ta daina zolaya, to abin ya kai.

Na koma rumfar ni kaɗai da dabarar da nake ganin ba a taɓa yin irinta ba.

"Ki yi masa mai kaurin, ki rubuta biyu da kwata. Wa zai sani?"

Ta kashe injin, ta sauke abin rufe hanci.

"Zauna, ka daina taɓa min kaya. Ka ce na rubuta ƙaryar. Ya hau, ya kama igiya, ya ji daɗi. Me zai ɗauka?"

"Zai ɗauka har yanzu yana nan yadda yake."

"Yauwa. Sai wata rana ruwa ya yi kyau, ya ɗauko na kofin nan ya nufi Turmi da shi, tunda ai kaurinsu ɗaya. Kai za ka je ka tsamo shi?"

Ta ƙara da cewa:

"Kuma ba don shi nake rubutawa ba. Don wanda zai yi masa na gaba ne, bayan na tafi. In ya karanta ƙarya, a kan ƙarya zai ɗora. Tashi ka ba ni wuri, kana tsaye a hasken fitilata."

Na fita ina ganin ta wanke hannunta daga maganar. Washegari da safe kuwa, a wurin ajiye motoci, abin da ba a taɓa gani ba ya faru. Ƙofar motar Glenys ta buɗe. Ta fito. Wani yana cikin cire rigar roba ya tsaya da hannu ɗaya a sama. Ta tako har inda Neville da Stavros ke shafa kakin hana ƙafa zamewa a allunansu, ni ina nan kusa, don haka da kunnena na ji.

"Ban taɓa gaya wa kowa lambarku ba," in ji ta, "kuma ba zan gaya ba. Taku ce. Amma Warwick yana gida ya juya wa taga baya, saboda ya yarda da maganarku."

Neville ya fara duban tayar motarsa. Stavros ya ce, "Haba Glenys, ko matata ba ta sani ba."

"Matarka ce ke sayo maka wando, Stavros. Ta sani."

"Za a yi mana dariya har mu mutu."

"Za a yi. Shi kuma ba dariya za a yi masa ba."

Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Ta koma mota ta zuba shayi.

Sai a ranar na lura da abin da ke gaban idona tun ina ƙarami. Duk wani dattijo a wurin nan akwai sitika a cikin allonsa, kuma duk a wuri ɗaya, daidai kan katakon tsakiya, kusa da wutsiya. Ta Neville ta kamfanin gyaran famfo ce. Ta Stavros tutar ƙasar kakanninsa. Ni ina zaton ado ne. Ashe gwanintar Glenys ita ce take ɓoye kaurin a tsakiya, daidai inda ƙirji ke kwantawa, sannan ta sirantar da gefuna a hankali, ta yadda in ka riƙe allon a hammata sai ka rantse siriri ne. Ita ta ɓoye soso, ta rubuta gaskiya. Su kuma suka ɓoye gaskiyar da sitika.

Ranar Asabar da hantsi motoci biyar suka tsaya a ƙofar gidanmu. Maza bakwai suka fito, kowa da allonsa, suka jera su a kan ciyawa ciki a sama, suka tsaya kamar masu jiran alƙali. Mama ta turo Baba waje da silifas.

"Wa ya mutu?" in ji Baba.

"Ɗauko tabaranka, Wokka," in ji Neville. Ya durƙusa da ƙyar, ya sa farce ya ɓare sitikar gyaran famfon.

Baba ya sunkuya. Ya karanta. Ya cire tabarau ya goge a riga ya sake karantawa.

"Uku da kwata?"

"Ka rage murya, akwai maƙwabta."

"Uku da kwata, Neville! Kai da ka ce min biyu da rabi bai cika ba! Wannan ai ƙofar firji ce!"

"Ta Stavros ta fi tawa."

"Ƙarya kake, ɗan sanda!" Stavros ya fizge tutarsa. Uku da sulusi. Wurin ya kaure. Wannan ya ce wa wancan ɓarawo, wancan ya ce ai shi gwiwarsa ce ta sa, wani ya ce shi tun farko matarsa ce ta yi odar ba da saninsa ba. Akwai wanda da aka ɓare tasa sai aka tarar da wata sitikar a ƙarƙashi. Baba ya yi dariya har ya zauna a kan ciyawa, Mama ta tsaya a kansa da kwalbar magani a hannu, ba ta san ko ta ba shi ko ta bar shi ba.

Da dariyar ta lafa sai ya dubi Neville, fuskarsa ta canja.

"Shekara nawa?"

"Tara."

"Shekara tara kana wuce ni kana ɗaga min hannu."

"Ai ban san abin zai kai ka ga kujera ba, abokina. Da na sani da tuni na ɓare."

Baba ya daɗe yana kallon allunan. Sannan ya miƙa hannu aka ɗaga shi, ya ce a kai shi wurin sikelin kifi.

Dukkanmu muka tafi, motoci shida a jere kamar rakiyar kofi. Ya cire silifas, ya cire agogo, ya ba ni makullin mota, ya fitar da numfashi duka, sannan ya hau. Allura ta tsaya a casa'in da tara.

"Na ci mit-fai biyu da safe."

"Na sani," in ji Glenys. "Akwai ɗaya a gemunka."

Nan take ta jawo soso, ta aza ma'auni, tana magana kamar da kanta. Ƙafa shida da inci takwas, don ya riga igiya tashi. Faɗin inci ashirin da biyu, mafi faɗin a gaba kaɗan, inda nauyin yake. Kauri inci uku cif. Ciki kusan a shimfiɗe ta wajen hanci, don ya yi gudu tun daga tuƙin farko, ɗan ɗagawa ta wajen wutsiya, don ya juya. Wutsiya zagayayya, fiffike uku a ƙarƙashinta.

"Na Gwiwa ne wannan," ta ce masa. "In ruwa ya yi ƙanƙanta ka kai shi Kasala, ba zai ƙi ba. Turmi kuwa kun gama da juna. Ka je ka zauna a dutse ka riƙa gaya wa yara yadda kake yi a da."

Baba ya buɗe baki, ya dubi mutum bakwai da ke bayansa, ya rufe.

Aikin da a da take gamawa daga safe zuwa la'asar, wannan karon kwana tara ya ɗauke ta. Hannun dama ba ya ɗaga injin sama da minti goma. Sai ta ajiye, ta jingina da bango, ta sake ɗauka da hagu. Na ce ta bari in riƙe mata, ta ce ta ga yadda na yi fentin shingen makaranta, ta gode. Neville ya ba ta shawarar ta aika da lambobin birni, inji ya yanka mata, ita ta goge kawai, kamar yadda kowa ke yi yanzu. Ta ce inji bai taɓa ganin yadda Warwick ke miƙewa ba, sai ka ce saniya ta tashi daga laka, don haka bai san inda zai bar masa soso ba. Allon nan shi ne na ƙarshe da ta sassaƙa.

Lahadin da ta wuce iska ta fito daga tudu, ruwa ya kwanta sumul, igiya kamar tsayin kafaɗa tana shigowa Gwiwa a jere. Baba ya zauna a kan sabon allon, ruwa ya tsaya masa a ƙugu. Ya dube ni. Igiyar farko tsoro ya sa ya janye. Ta biyu ya kama, ya miƙe rabi, ya faɗi ta baya ƙafafu a sama. Neville ya fara buɗe baki, Stavros ya watsa masa ruwa.

Ta uku ta fi su girma. Ba wanda ya motsa, mutum ashirin suka bar masa ita. Ya juya, ya tuƙa sau huɗu, allon ya ɗauka. Ya miƙe a hankali, gwiwa ɗaya sannan ɗayar, ya tsaya. Sai ga shi yana tafiya. Ya bi bangon ruwan nan tun daga babban dutse, ya yi ƙasa ya dawo sama, hannun hagu a baya irin yadda yake a hoton da ke falonmu, ya wuce matakala, ya wuce inda ake wanka, bai sauka ba sai gaban wurin wasan yara. Muna jin ihunsa tun daga inda muke. Mama tana kan yashi da tawul, ta rufe fuska da shi.

Bai dawo cikin ruwa nan take ba. Ya rungumi allon ya hau tudu, yana haki, yana ɗiga, ya tsaya a gefen motar Glenys. Gilashi ya sauka.

"Kin gani?"

"Na gani."

"To?"

"Ƙafarka ta baya tana gaba da yawa. Ka mayar da ita kan fiffike. Koma, ruwa zai janye nan da awa ɗaya."

Ya koma da gudu, mutumin da wata biyu da suka wuce yake zagaye gari don kada ya ga teku.

Glenys, ke ce kika san nauyin kowane namiji a garin nan, ba ki taɓa kai shi kasuwa ba. Ke ce kika ƙi faranta wa mutum na minti biyar a rumfa, don ki faranta masa shekara goma a ruwa. Ba ki taɓa cin kofi ba, sunanki bai taɓa fitowa a mujalla ba, amma babu kofin da ke cikin kabad ɗin ƙungiya da ba a kan aikin hannunki aka ci shi ba. Mai fensir ɗaya, mai magana ɗaya. Yara da yawa a nan kin hana su shiga ruwan da ya fi ƙarfinsu, tsofaffi da yawa kin hana su fita tun lokaci bai yi ba, kuma yawancinsu ba su ma san an yi musu komai ba.

Ku da za ku ɗauki wannan sana'a bayanta, da ku masu kowace irin sana'a da ake auna mutum a cikinta, tela ne ko makaniki ko likita, ku je ku kalli mutum tukuna kafin ku yi masa aiki. Ku yi wa wanda ke tsaye a gabanku, ba wanda yake ba ku labari ba. In gaskiyar za ta yi masa ciwo, ku faɗa, sannan ku tsaya ku taya shi ɗauka. Ku kuma 'yan ƙungiya, ranar Asabar akwai gashin nama a kan tudu don sallamarta. Ta ce ba ta son jawabi, kuma in Neville ya tashi zai yi, za ta tayar da mota.

Mun gode, Glenys. Mama ta gode, ta ce ta sami gidanta. Ni ma ina da sauran abin faɗa, amma Baba yana cikin mota tun ɗazu yana danna min hon, wai ruwa ya fara cikowa. Bari in je kafin ya tashi unguwa.